Wai Honda Ce Ta Saya Musu Kujera?

Jama'a, maganar wannan makon ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Da zarar an ambaci direban tseren mota ɗan Japan, sai wani ya taɓe baki ya ce ai Honda ce ta saya masa kujera, ko kuma Toyota ce ta goya shi. Shi ke nan, an kashe maganar.

Ba mu musa ba. A 1987 Satoru Nakajima ya shiga Formula 1 ne a motar Lotus mai injin Honda, kuma Honda ce ta raini Yuki Tsunoda. To amma wa ya taɓa shiga wannan harka da aljihu wayam? Mahaifin Lance Stroll ƙungiyar ya saya ɗungurungum. Sergio Perez kuwa kuɗin gidan Carlos Slim ne suka rako shi daga Meziko. Ba mu taɓa jin an haɗa duk 'yan ƙasarsu an yi musu kuɗin goro ba.

Mu duba Le Mans, tseren awa 24 da ake yi a Faransa, inda direbobi uku ke karɓa-karɓa a mota ɗaya. A 2016 Kazuki Nakajima, ɗan wancan Satoru ɗin, yana kan gaba, saura 'yan mintuna a tashi, motarsa ta Toyota ta mace masa a gaban jama'a. Wani da ya haƙura da wurin. Shi sai ya dawo, a 2018 ya fi kowa gudu a zagayen share fage, kuma shi ya ƙarasa da motar har layin ƙarshe, Toyota ta ci kofin karo na farko a tarihinta. Me muka yi ta gani a kafafen labarai? Fernando Alonso ya ci Le Mans! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Alonso gwani ne, ba mu raina shi ba, amma Nakajima ya sake ci a 2019, ya kuma ci a 2020 lokacin da babu Alonso a motar.

Abin dariyar ma yana Amurka. A 2017 duniya ta zuba ido ta ga Alonso a tseren Indy 500. Injinsa ya lalace, wanda ya ci kuwa Takuma Sato ne, abokin aikinsa a ƙungiyar Andretti, ɗan Asiya na farko da ya taɓa ci. Har wani ɗan jarida a Denver ya rubuta cewa bai ji daɗin ɗan Japan ya ci a ƙarshen makon tunawa da sojojin Amurka ba, abin da ya jawo masa rasa aikinsa. A 2020 Alonso ya sake zuwa, ya ƙare na 21. Sato ya sake ci.

Masu cewa har yau babu ɗan Japan da ya ci tsere ko ɗaya a Formula 1 gaskiya suka faɗa. Sai dai su gaya mana yadda aka yi da Kamui Kobayashi. Ya zo na uku a Suzuka a 2012 da motar Sauber, 'yan kallo na ta rera sunansa. Shekarar na ƙarewa Sauber ta sallame shi, har magoya bayansa suka koma yi masa karo-karo don ya samu wata kujerar. Ina Toyota ko Honda a ranar?