Shanyewar ɓarin jiki a Garwa: abin da ke kashe majinyaci ko bayan an cire gudan jini

Tun daga 2015, lokacin da gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan ya tabbatar da amfaninsa, aikin zaro gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ya sauya yadda ake jinyar shanyewar ɓarin jiki, ciwon da likitocinmu ke kira AVC. Siririn bututu ake turawa ta jijiyar cinya har zuwa ƙwaƙwalwa a jawo gudan. Amma binciken HERMES na 2016, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 5, ya nuna cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun rasu cikin kwana 90. A manyan asibitocin ƙasashe masu arziki ke nan.

Su wa suka fi mutuwa? Tsofaffi, da waɗanda ciwon ya zo musu da tsanani, da masu sukari da ya hau a jini lokacin isa asibiti, da waɗanda jijiyar ta ƙi buɗewa ko jini ya ɓalle musu a ƙwaƙwalwa bayan aikin. Sai jinkiri, wanda a ganina shi ne babbar matsalar arewacin Kamaru. Aikin ya fi amfani cikin awa 6 na farko. Bincike na 2018 ya tsawaita wa'adin zuwa awa 24, amma ga waɗanda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna akwai sauran abin ceto kawai.

To, a duba mutumin da bakinsa ya karkace da asuba a Poli ko Rey Bouba. Sai an yi tofi, an jira babban wa, an haɗa kuɗin mota, sannan a kama hanyar Garwa. Ba a fara komai sai an ɗauki hoton sikana, domin toshewar jijiya da fashewarta alamunsu kusan ɗaya ne, maganinsu kuwa ya sha bamban. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Akwai wani haɗarin da ba a cika zancensa ba, kuma a gida ake jawo shi. Ciwon yakan kashe maƙogwaro, majinyaci ya kasa haɗiya. 'Yan uwa kuma, don tausayi, su riƙa ɗura masa kunu ko rubutu. Abin ya faɗa huhu ya zama ciwon nimoniya, wanda ke cikin manyan dalilan mutuwa bayan shanyewar jiki, an yi aikin ko ba a yi ba. Gwajin haɗiya kafin a ba shi ko da ruwa bai buƙatar wata na'ura mai tsada.

Shirin lafiya na CSU da gwamnati ta ƙaddamar a 2023 ya fara ne da mata masu juna biyu, ƙananan yara da wankin ƙoda. Hawan jini kuwa, wanda shi ne babban tushen ciwon, har yanzu mai shi ne ke sayen maganinsa wata-wata daga aljihunsa, kuma da yawa kan daina sha da zarar ciwon kai ya lafa.