Mutumin Da Ya Shekara 47 Yana Awon Iska

Kafin in faɗi ra'ayina sai na fara tona wa kaina asiri. A bayan ɗakin kimiyya akwai ma'aunin ruwan sama wanda aka ɗora wa 'yan ajinmu dubawa kowace safiya bi da bi. Wata rana cikin watan Yuli aikin ya faɗo kaina. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ga shi an buga ƙararrawar karin kumallo, sai na ƙi zuwa. Da rana na ɗauki littafin na rubuta milimita 12 daga kaina. Ashe malaminmu na labarin ƙasa ya bi ta wurin, ya tarar ba a zubar da ruwan kwalbar ba, kuma abin da ke ciki ya ninka wanda na rubuta. Na sallama cewa bulala ce za ta biyo baya. Amma bai doke ni ba. Hukuncin da ya yanke mini shi ne in nemo tarihin wani Ba'amurke mai suna Charles David Keeling, in karanta wa aji. Ga abin da na samo.

An haifi Keeling a jihar Pennsylvania ta Amurka a 1928, ya yi karatun ilmin haɗa sinadarai har ya sami digirin dakta a 1954. Tun yana saurayi hankalinsa ya koma kan iskar kabon-dayoksaid, wadda zan riƙa kira iskar kabon don sauƙi. Ita ce iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke fita in an ƙona itace ko kwal ko man fetur. Masana sun daɗe da sanin cewa tana riƙe zafin rana kusa da ƙasa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Abin da ba a tabbatar ba a lokacin shi ne ko tana ƙaruwa a sararin sama. Da yawa suna zaton teku na shanye duk abin da masana'antu da motoci ke fitarwa.

Keeling bai tsaya gardama ba, sai ya haɗa na'urar awo da hannunsa. Ya riƙa fita dajin California yana kwana a can, yana ɗibar iska cikin kwalabe dare da rana. Ya lura cewa duk inda ya je nesa da gari, awon da ya yi da rana kusan ɗaya yake ba shi, watau wajen kashi 310 cikin miliyan. A 1956 ya koma cibiyar nazarin teku ta Scripps ƙarƙashin shugabanta Roger Revelle. A watan Maris na 1958 aka fara awo a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawaii, a tsakiyar tekun Fasifik. Tashar tana da tsayin kusan mita 3,400 daga bakin teku, nesa da hayaƙin birane.

Abu biyu suka bayyana. Na farko, iskar kabon tana hawa tana sauka kowace shekara. Takan kai ƙololuwa a watan Mayu, sa'an nan ta ragu zuwa wajen Satumba ko Oktoba, domin a tsakanin nan ne itatuwa da ciyayin arewacin duniya ke tofo suna zuƙarta. Na biyu kuwa, kowace shekara takan tsaya sama da inda ta tsaya bara. A 1959 tana wajen kashi 316. Lokacin da Keeling ya rasu a 2005 ta kai wajen 380. A watan Mayu na 2013 ta taɓa 400, a 2024 kuma ta wuce 420. Alhali kuwa iskar da masana suka ciro daga tsohuwar ƙanƙarar kudancin duniya ta nuna cewa kafin zamanin masana'antu wajen 280 take.

To, ina aka san aikin ɗan Adam ne? Da aka gwada ƙarin da yawan kwal da man da duniya ke ƙonawa, sai aka ga tare suke tafiya, kuma wajen rabin abin da aka fitar ne ke zama a sama, sauran teku da itatuwa su ɗauke. Daɗin daɗawa, ɗansa Ralph Keeling ya auna iskar oksijin ya tarar tana raguwa kaɗan kaɗan, kuma kowa ya san wuta ba ta ci sai da oksijin. Irin waɗannan hujjoji, tare da na wasu masana da yawa, su suka sa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ce a 1995 akwai alamar hannun ɗan Adam a ɗumamar duniya, a 2021 kuma ya ce babu sauran shakka.

Ni dai a nawa ra'ayi, Keeling ya cancanci girman da muke bai wa likita ko injiniya, kuma dalilin girman nasa shi ne haƙuri da riƙon gaskiya. Da na faɗi haka a aji, wani abokina ya ce, "Haba! Mutum ya shekara 47 yana auna abu guda? Ai wannan aikin maigadi ne." Abin dariya, masu ba shi kuɗin bincike ma sun sha gaya masa kusan haka. Sun ce aikin ya zama na yau da kullum, ya bar shi ya nemi sabon abu. A 1964 kuɗi ya yanke har aka yi wata uku ba awo, kuma gurbin nan yana cikin lissafin har yanzu, domin iskar 1964 ta wuce, ba mai iya komawa ya auna ta. Bai cike gurbin da ƙiyasi ya ce awo ne ba. Da ya bi shawararsu ya daina bayan shekara biyar, da sai a ce ƙarin nan sa'a ce kawai. Tsawon lissafin da rashin algus a cikinsa su suka rufe bakin masu musu. Sai a 2002, yana da shekara 74, ƙasarsa ta ba shi lambar girma ta kimiyya. Lalle da yayyafi kogi kan cika.

Wani dattijo kuma ya ce mini ruwa da rana a hannun Allah suke, me ya kai ɗan Adam awonsu? Na yarda da farkon maganarsa ɗari bisa ɗari. Amma lafiya ma a hannun Allah take, duk da haka in zazzaɓi ya kama yaro akan kai shi asibiti a auna zafin jikinsa. Wanda ya ba mu hankali bai hana mu duba ɓarnar da hannunmu ke yi ba.

Wannan ya dawo da ni kan kwalbarmu ta bayan ɗakin kimiyya. Kakanninmu suna ba mu labarin farin 1973 da na 1984, yadda gero ya bushe a gona shanu suka ƙare. Yau kuma manoma na cewa damina ta rikice, ba a san ranar shuka ba. Ko gaskiya ne ta rikice a garinmu, kuma da kwana nawa? Na'urar Hawaii ba za ta ba mu wannan amsa ba, sai littafi irin namu, in an riƙe shi shekara talatin ba ƙarya a ciki. Da na duba littafin da kyau, sai na ga watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka, fari fat yake kowace shekara, domin muna gida hutu. Sauran watannin kuwa, wa ya san lambobi nawa ne irin nawa?

Saboda haka ina da roƙo uku. Hukumar makaranta ta ɗora wa wani daga cikin masu zama a harabar makaranta duba ma'aunin lokacin hutu. Mu 'yan makaranta, duk wanda bai je ba ya bar gurbin ya rubuta "ban duba ba", domin tsawar malam ta rana ɗaya ce, lambar ƙarya kuwa za ta zauna a littafi ta yaudari wanda ba a haifa ba tukuna. Iyayenmu kuma, in ɗanku ko 'yarku ta ce tana son karatun yanayi, kada ku ce wannan ba sana'a ba ce. Mahaifina likita yake so in zama, ban kuwa raina zaɓinsa ba, amma na ƙudura in mun koma hutu zan durƙusa gabansa in karanta masa wannan takarda.

Ita kuwa milimita 12 ɗin nan, na ja mata layi da jan biro, na rubuta gaskiyar abin da ya faru a gefe, na sa hannu. Mai so ya je ya gani. Allah ya ba mu haƙuri da riƙon amana, amin.