Digirin Tattalin Arziki: Tun Daga Aji Ɗaya Ake Shirin Digiri Na Biyu

  

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya same ni bayan La'asar, ransa a ɓace. Ya karanta ilimin tattalin arziki a jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya nemi gurbin digiri na biyu, aka ce sakamakonsa bai kai ba. Ya ce, "Malam, wallahi a shekarar ƙarshe ko barci ba na yi." Na ce, to shekarar farko fa? Sai ya sunkuyar da kai.

Yawancinmu iyaye idan yaro ya ce ya gama digiri, sai mu ce alhamdu lillahi, shi ke nan. Alhali digiri hawa-hawa ne. A jami'o'in da ke lissafi bisa maki 5, mai 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ce ta sama, daga 2.40 zuwa 3.49 ta ƙasa. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku ce. Galibi ba a ɗaukar mai daraja ta uku kai tsaye zuwa digiri na biyu, sai ya fara yin babbar difloma, wato ƙarin lokaci da ƙarin kuɗi.

Kuma makin nan tarawa ake yi tun daga zangon farko. Yaron da ya tsaya a kan maki 2 a shekaru biyun farko, sai ya ci kusan komai ba kuskure a biyun ƙarshe kafin ya taɓa 3.50. Mu nan ƙasar Funtuwa ai mun san wannan: wanda ya makara da shukar masara, ko buhu nawa na taki ya zuba daga baya ba zai kamo maƙwabcinsa ba.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan ɗan manomi da digiri na biyu, ba gara ya kama kasuwa ba? Kasuwa abu ce mai albarka, ban musa ba. Amma ku dubi halinmu. Kowace kaka manomin Bakori ko Ƙafur ko Malumfashi yakan kai hatsinsa kasuwa ya sayar da araha don ya biya bashin taki, damina ta yi tsakiya ya dawo ya sayi irinsa da tsada. Wa zai zauna ya bi farashin kasuwar Dandume shekara da shekaru, ya gano inda ribar take zurarewa? Wa zai binciko abin da ya durƙusar da noman auduga? Digiri na farko karanta binciken wasu ne. A na biyu ne ake horar da mutum ya yi nasa. In 'ya'yanmu ba su kai can ba, wasu ne za su riƙa tsara mana abin da ba su taɓa nomawa ba.

Kada kuma a ce wannan karatu ya saɓa wa namu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan bashi take. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid *Kitabul Kharaj* a kan haraji. A zamaninmu, Malam Sanusi Lamido Sanusi ya gama digirin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1981, daga baya ya karanci Shari'a a Khartum ta ƙasar Sudan, ya riƙe Babban Bankin Nijeriya daga 2009 zuwa 2014. A zamaninsa ne bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Ɗalibin da ya iya rabon gado da fitar da zakka, ya san babin ciniki a fiƙihu, ai da guzurinsa ya shiga.

Don haka, ya ku ɗalibai, ku riƙe lissafi tun daga sakandare, domin ba a shiga wannan fanni sai da kiredit a lissafi da Turanci, kuma karatun cike yake da ƙididdiga. Wannan har da ku 'yan mata.

Ku kuma iyaye, duk ƙarshen zango ku ce a nuna muku maki, kada ku tsaya ga "lafiya lau, Baba". Kada a kira yaro girbi ana tsakiyar jarrabawa. Ɗaukar ɗan ƙodago ya fi arha a kan maimaita kwas.

Shi ɗalibin nawa na ba shi shawara ya nemi diflomar, kuma ya amince. Amma ƙannensa ba sai sun bi ta doguwar hanya ba.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.