Sassabin zamani: darasin da ba a koyar da shi a zauren taro

Lokacin sharar gona ya kama. Daga Agiye zuwa Magarya, duk wanda ya fita bayan gari da hantsi zai ga hayaƙi na tashi, ana tattara kara ana ƙonawa. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙungiyoyi da furoje-furoje ke yawaita tarukan horo a Maradi da Damagaram da Yamai kan farfaɗo da ƙasa. Wasu ma sun zo da sabon suna, wai famakalca, wani tsari da Bill Mollison da David Holmgren suka fito da shi a Ostareliya cikin shekarun 1970, na a tsara gona da gida yadda ruwa da taki da itace da dabba za su riƙa ciyar da juna. Tsarin ba laifi. Tambayar ita ce, wa ake koya wa, a ina, kuma me ke saura idan taro ya watse?

Muna da abin da za mu auna da shi, don ƙasar nan ta taɓa yin wannan karatu. A 1983 wani Bature mai aiki da mishan a Maradi, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran sabara da kalgo da ake sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Kututture ne mai rai, saiwarsa na can ƙasa tun zamanin kakanni. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi reshe uku zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a rage ƙananan rassa da wuƙa mai kaifi. Shi ke nan sassabin zamani. Ba gandun reno, ba ban ruwa, ba ko dala.

Amma ku dubi yadda ta kaya. A yunwar 1984, wadda dattawa ke kira El-Buhari, an haɗa aikin da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Mutane suka bari. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Waɗanda suka bar nasu, har dariya aka yi musu, ana cewa gonar malalaci ce. Sai ga shi iskar farkon damina da ke binne shuka ba ta yi musu ɓarna kamar maƙwabta ba, matansu sun daina tafiyar nisa neman itacen girki, akuya ta samu ganye a rani. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyaka, ya gani, ya kwaikwaya. Yau masu bincike na ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Wanda ya bi hanyar Miriya zuwa Matamai ya san gawon da ake magana a kai: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki.

Haka aka yi a jihar Tawa. A 1989 aka ɗauki wasu manoma daga Illela aka kai su Yatenga a Burkina Faso, yankin marigayi Yakuba Sawadogo, suka ga yadda ake haƙa rami a fako, a zuba taki, ruwa ya tsaya, gara ta buɗe ƙasa. Suka dawo suka gwada tassa a gonakinsu. Bayan ƴan shekaru fakon da ba mai so ko kyauta ya zama abin saye da sayarwa. Ziyara guda ta manomi zuwa gonar manomi ta yi aikin da tarin takardu ba su yi ba.

To, ga inda mu ke da damuwa. Horon da ake yi yau, da yawansa a zauren taro ne cikin birni, da Faransanci, da kuɗin zama. Wanda ake gayyata sau da yawa shi ne mai jin Faransancin, ba lalle mai riƙe da gatari ba. A ƙauye kuma an saba da haƙa rabin wata don kuɗin aiki. Ranar da biya ya tsaya, ramukan su cike da rairayi ba mai waiwaya. Ba mu ce a daina biyan talaka ladan guminsa ba, a wannan tsadar rayuwa ai ba mai faɗin haka. Amma darasin 1984 na nan: abin da mutum ya yi don buhu, buhun na ƙarewa zai bari.

Akwai kuma abin da kusan ba a koyarwa ko kaɗan, alhali shi ne ginshiƙi: na wa ne itacen? Shekara da shekaru manomi na tsoron ma'aikatan gandun daji, don yana iya shan tara a kan gawon da ya tsiro a gonarsa. Mutum ba zai raini abin da zai jawo masa tara ba. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin doka kan sassabin zamani, wanda ya amince cewa mai renon itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Ku tambaya a majalisar ƙofar maigari, mutum nawa suka taɓa jin wannan? Ga kuma mai aron gona ko jingina, da mata da ke noma gamana: idan suka bar itace, mai gona na iya ɗauka ana neman ƙwace masa fili ne. Duk horon da bai zaunar da maigari da mai gona da makiyayi da ma'aikacin gandun daji wuri guda ba, ya bar rabin aikin. Mutanen Ɗan Saga a gundumar Agiye sun gane haka tuntuni, suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa da mata da Fulani makiyaya, ɓarawon itace ya san akwai ido.

Sai yara. Samarin da suka ga gonaki tsirara a 1984 yanzu sun yi furfura. Ɗiyansu da yawa suna ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya daidai lokacin sassabe, sai an yi shuka su dawo. Yaron da ya tashi ya iske gawo a gona yana tsammanin haka Allah ya ajiye shi, bai san wani ya kare shi daga gatari da akuya shekara biyar ba. A lakwal ana dasa itace ranar 3 ga Agusta a ɗauki hoto, amma da wuya ka ga mushe ya fita da ƴan makaranta bayan gari, ya kira wani tsoho ya nuna musu yadda ake zaɓen reshe. Wannan fita ba ta cin kuɗin mai ko na abinci, safiya ɗaya ta isa.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, da kuke turo kuɗin takin zamani duk shekara, kun san yadda farashin buhu ya koma tun da aka rufe iyakoki a 2023. Idan kun buga waya gida wannan mako, ku tambayi ƙanenku kututture nawa ya bari a gonar gado, kuma ko yaransa na tare da shi ranar da ya yi sassaben.