Nana Asma'u: Jarumar Da Ta Yi Yaƙinta Da Alƙalami

Duk wanda ya tambayi tarihin jihadi a ƙasar Katagum, sunan da zai fara ji shi ne na Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa garin Katagum. Ko da aka mai da fada Azare cikin 1916, ba a raba sarauta da wannan tuta ba. To, amma jihadin ya bar wani gadon ban da tuta, wanda ke hannun ɗiyar Shehu, wato Nana Asma'u.

An haife ta a Ɗagel cikin 1793. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. A wannan shekara jama'ar Shehu suka yi nasara a Tabkin Kwatto, suka kuma sha kashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Haka ta tashi cikin ƙaura da yunwa da zaman makoki, har aka ci Alƙalawa cikin 1808.

Mutanen Faransa suna alfahari da budurwar nan Jan Dak, wadda ta ja runduna a kan Ingilishi cikin 1429, aka ƙone ta cikin 1431. Jaruntakar Asma'u daban ce, domin ita aikinta ya soma ne daga inda takobi ya tsaya. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu da kamammu, matan ƙauye kuwa da dama sun fi sanin bori da sanin farillan alwala.

Sai ta kafa 'Yan Taru a zamanin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Takan zaɓi dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan jawo tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka, su zo su haddace waƙoƙin malama, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa: Larabci don malamai, Hausa don kowa ya ji. Daga cikin ayyukanta akwai Waƙar Gewaye, da waƙar yaƙin Gawakuke na 1836. Mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, shi ma marubuci ne. Ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato. Allah Ya ji ƙanta.

Yau Azare tana da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, ga kuma jami'a a Gadau. Duk da haka akwai gidajen da ake cire yarinya daga aji a aza mata farantin talla, a ce wai addini ya hana. Wannan hujja ba ta da gindi, tun da Shehu da kansa ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Wanda ke taƙama da tutar Malam Zaki, ya kamata ya tuna gidan da ta fito, ya bar 'yarsa ta gama karatu.