Bango Ɗaya, Gida Biyu

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19. Ƙasa duka ta yi jimami. To amma gidajen talakawa da ke jere cikin lungunan unguwar, bango manne da bango, suna zubewa kowace damina babu mai ko tari.

Masu cewa ginin ƙasa tambarin talauci ne, a rushe a kawo siminti da kwano, su dubi Agadas: Unesco ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, tare da gidajensa na tubali. Jerin gidajen ne gadon. Wanda ya rushe nasa ya tsiraita bangon maƙwabcinsa, indararo ya rasa mazuba, ruwa ya ci gindin gini. Maraɗi ta san wannan rashi: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari, aka tashi aka koma tudu.

Nijar na da dokar kare kayan gado tun 1997, sai dai takarda ba ta yaɓe. Daga Tagriss da Dakoro har Birni, wajibi ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su ƙidaya tsofaffin zauruka, su nemi magina tun da ransu, su matsa wa magadan gari a yi yaɓe kafin damina. Abin da ya zube, sai labari.