Sai Bango Ya Tsage

Akwai maganar da ake yawan maimaitawa a majalisun dokokin Turai da Amurka, wai marar laifi ba ya tsoron a karanta saƙonsa. Da wannan hujja ake neman kamfanoni su bar wa jami'an tsaro ƙofar baya a tsarin ɓoye saƙonni. Ni ban yarda ba, kuma dalilina lissafi ne.

A shekarar 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana dabarar makulli biyu. Na farko tamkar buɗaɗɗen kwaɗo ne da kake raba wa kowa, mai aiko maka saƙo ya datse shi da shi. Na biyu yana hannunka kai kaɗai, shi ne ke buɗewa. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin RSA a kan gaskiya mai sauƙi: ɗan firamare zai ninka 17 sau 23 ya sami 391, amma a ba da lamba mai ɗaruruwan alƙaluma a ce a nemo lambobi biyun da suka haife ta, kwamfutocin yau sai su gaza. Irin wannan wahala ce ke tsare kuɗin ɗan kasuwa a banki da sirrin majinyaci a intanet.

To, lissafi bai san kaki ba. Makulli na uku da aka ƙera domin ɗan sanda zai buɗe wa ɓarawon da ya sace shi, ba tare da ya tambaye shi takardar kotu ba. An ma taɓa gwadawa. A 1993 gwamnatin Amurka ta fito da na'urar Clipper, wadda hukuma ke ajiye makullinta. Shekara guda bayan nan Matt Blaze ya nuna yadda mai amfani da ita zai toshe wa hukuma hanyar, shirin kuwa bai yi nisa ba ya mutu.

Ban musa cewa 'yan ta'adda suna fakewa da wannan fasaha ba. Sai dai manhajar PGP tana hannun jama'a tun 1991, kuma doka ba ta goge ilimin da ya riga ya bazu. Mugu zai koma inda babu ƙofar baya, a bar talaka da ɗan jarida da tsagaggen bango. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukuma ta bi mai laifi da bincike da sammacin alƙali, ta ƙyale bangon kowa yadda yake.